Akushin Abatcha

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, a shekarar hannun daman Abatcha dillalin shanu ya mutu. Shanyewar ɓarin jiki ce. Ƙafa ta dawo, hannu ya ƙi. Mutumin da akushinsa ke fara fita ƙofar gida a unguwar Dogo Nini sai ga shi ya daina ci cikin mutane, don ya rantse ba mai ganin ya kai loma da hagu. Matarsa Fanne ke ba shi a baki a ɗaki.

Duk Litinin yana zuwa asibiti wurin Malam Umara mai gasa jiki. Umara kan tambayi kowane majinyaci, "Yaya jiki?" A ce, "Da sauƙi." Ya rubuta. Ƙarshen shekara ya haɗa lissafi, ya ga kowa ya samu sauƙi, har da wani da aka riga aka yi sadakar arba'in ɗinsa. To, a garin nan wa zai buɗe baki ya ce babu sauƙi, kamar marar tawakkali?

Kunya ta kama Umara, ya daina tambaya. Sai ya riƙa ajiye malmalar tuwo, kowa ya yanka da hannun mai ciwo, shi kuma yana duba inda lomar ta tsaya. Cikin 'yan watanni abu ya fito fili. Masu gatan da ake ba su a baki, hannunsu jiya i yau. Gogo mai ƙosai kuwa, da ba ta da mai miƙo mata ko ludayi, tuni lomarta ta wuce haɓa.

Umara ya kira Fanne gefe. "Ya Fanne, daga yau ki ajiye masa akushi ki fita."

"Malam, so kake a zage ni a unguwa?"

"Ki ce ni na sa ki."

Ta yi, tana kuka a bayan ƙyaure. Gemun Abatcha da rigarsa suka sha miya, ya tsine wa boko da wanda ya kawo shi.

Bayan damina, wata Litinin Umara ya manta, ya ce, "Baba, yaya jiki?"

"Babu sauƙi! Ka hure wa matata kunne, kun bar ni da yunwa!" Yana faɗa yana nuna Umara da yatsa, har yana dungurar masa hanci.

Fanne ce ta fara lura da wane hannu ne. Ta toshe baki, hawaye na zuba.

Ran nan da yamma akushin Abatcha ya riga na kowa fita ƙofar gida.