Amfilifayar Sambo da Turken Barau

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta iso, mu saurare ta.

To, a kara, wato kasuwar shanu ta Talata Mafara, akwai wani dattijo, Sambo mai shela. Shekara ashirin da wani abu yana wannan aiki. In maraƙi ya ɓata shi zai faɗa, in motar Kudu ta cika shi zai faɗa. Da murya ta fara gaza masa, sai 'ya'yansa suka saya masa amfilifaya, na'urar ƙara sauti, da lasifika biyu, ya jona ta a janaretan da mahauta ke kunna firizarsu da shi.

Kafin ya ce uffan, sai lasifika ta kama wani gurnani can ƙasa-ƙasa, buuu, ba tsayawa. Ni da ku za mu ce ƙara ce kawai. Bijimai kuwa wani ƙaton sa suka ji yana neman faɗa, ga shi ba su ganin sa. Nan take suka hau tonon ƙasa suna fizgar igiya. Wani jan sa daga Maradun ya tsinke, ya bi ta kan ƙwaryar mai fura.

Alhaji Muttaka, shugaban dillalai, ya ja Sambo gefe. Bayan doguwar gaisuwa ya ce Talata biyu ya ba shi, in abin nan bai yi shiru ba, wani za a ba shelar.

Sambo ya ɗaure amfilifaya a bayan babur, sai shagon Thomas mai gyaran rediyo, a bakin titin Gusau. Thomas ya jona ta a batirin solar shagonsa. Tsit kake ji. Sambo ya rantse jiya tana kuka kamar za a yanka ta. Thomas ya ɗauko takardar da ta zo cikin kwalin amfilifayar, ya nuna masa wata lamba. Ya ce masu ƙera ta sun yi alkawarin za ta tace dattin wuta kamar yadda rariya ke tace gasara, amma ba da janaretan mahauta suka gwada ta ba, wanda wutarsa ke rawa duk sanda firiza ta tashi.

"Yanzu takarda za ni karanta wa shanu?" in ji Sambo.

Thomas ya ƙara mata manyan kondensa biyu masu tace wuta, sannan ya miƙa masa wani dogon ƙarfe da waya ɗaure a kansa. Ya ce ya kafa shi a ƙasa bayan rumfar shelarsa don ya janye dattin wutar, ya zuba masa ruwa, kuma kada wayar ta rabu da shi ko da wasa.

Talata ta zagayo. Da safe murya ta fita garau, har a tasha ana jin ta. Hantsi na yi, gurnani ya dawo. Sambo ya lulluɓe lasifika da bargo, ya juya su gabas, ya juya su yamma, a banza. Alhaji Muttaka ya wuce, ya ɗaga masa yatsa ɗaya, wato saura Talata ɗaya.

Aka sake komawa shago, aka sake jin tsit. Ran Sambo ya gama ɓaci. Ya ce wannan abu munafuki ne, irin yaron da ke nutsuwa gaban ubansa, don haka Thomas ya rufe shago ran Talata ya zo ya ji da kunnensa.

Ya kuwa zo. Gurnani na tashi, ya kama wayar yana bin ta da hannu har bayan rumfa. Ga bakin waya yashe cikin kashin shanu. Ga ƙarfe can, da wani farin sa ɗaure a jikinsa. Mai shi, Barau, dillali daga Bakura, na zaune a inuwa yana cin goro.

"Barau, wa ya ce ka ɗaure sa a nan?" in ji Sambo.

"Wa ya ce kar in ɗaure, Baba Sambo? Turke na gani ba mai shi. Har ruwa an zuba wurin. Wayar ga ce ke sarƙe mishi ƙafa, na kwance ta."

Ashe wancan makon ma shi ne. Ya ƙara da cewa tun da yake dillanci bai taɓa samun turke mai kyau irin wannan ba, in Injiniya Thomas na da wasu guda huɗu, yana so.

Sambo ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa. Thomas ya sa aka kwance san, ya aro guduma wurin mahauta, ya dinga dukan ƙarfen har kansa ya nutse. Ya ɗaura wayar, ya binne ta, ya kife tsohon turmi a kai. Gurnanin ya koma kamar kukan sauro, bijimai suka ci gaba da tuƙarsu. Da la'asar Alhaji Muttaka ya zo da kansa ya ba da cigiyar wata karsana.

Sambo na nan yana shelarsa. Thomas ya daina nuna wa mutanen kara takarda. Barau kuwa har yau yana gaya wa mutanen Bakura cewa a Mafara an binne turke mai kyau saboda rediyo.