Ƙashi da Fata

Ranar da baƙuwa daga ƙungiyar agaji ta zo duba makarantar gindin kuka, tun asuba Baqu ta share wurin tas. Ita ce malama, ita ce mai shara, allonta kuwa yashi. In baƙuwar ta koma ta ce aikin banza ne, shi ke nan, ƙungiya ta janye garin masara da littattafai, a kwashi yaran zuwa makarantar kwana a gari, inda ba mai jin harshensu. Daga can ɗanta na fari ya gudo da ƙafa ta daji ya ɓata, ko takalminsa ba a gani ba. 'Yarta Koba kaɗai ta rage mata.

Baƙuwar ta tambayi dattawa ta bakin direbanta ko yaran suna koyon wani abu.

Tsoho Debe, kawun Baqu, ya tofar da yawu. "Koyo? Wannan 'yar tawa ai tonon kaji take koya musu. Ƙashi da fata!" Mata suka kwashe da dariya.

To, ai haka mutanen ƙabilarsu ta Ju/'hoansi suke yabo. Maharbi ya kayar da gwanki mai kitse, sai a ce, "Don wannan ƙashin ka taso mu?" Shi ma ya ce hannunsa bai iya komai ba. Yabo kumbura zuciya yake yi, mai kumburarriyar zuciya kuwa wata rana sai ya kashe mutum. Amma direban, ɗan gari, tiryan-tiryan ya fassara. Baƙuwar ta ɓata rai, ta nufi mota.

"Kawu, ka kashe ni!" in ji Baqu. Ta ruga ta tare ƙofar motar. Abin da bakinta bai taɓa furtawa ba, yau ta furta shi a gaban kowa.

"Ƙarya suke! Na iya aikina! 'Yata ta fi kowa karatu a nan, ni na koya mata!"

Debe ya sunkuyar da kai don kunya. Baqu ta finciko Koba, ta cusa mata tsinke a hannu.

"Rubuta mata. Karanta mata, uwata, don Allah."

Koba ta dubi baƙuwar, ta dubi dattawan da suka zuba mata ido, sai ta saki tsinken.

"Ni ban iya komai ba," ta ce a hankali.

Wannan ma direban ya fassara. Motar ta tashi.

Baqu ta zube a gindin kukar, kukan ma ya ƙi zuwa. Can sai Koba ta tsuguna a kan sawun tayar, ta rubuta sunanta da na yayanta da ya ɓata, harafi bayan harafi, ba kuskure ko ɗaya. Ta ɗago tana murmushi.

"Inna, na kyauta ko? Ban yi fahariya ba."