Ƙanƙara a Cikin Barga

Myrna ta karanta ɗango na ƙarshe, ta sauke takardar a cinyarta, ta cire tabarau. Falon ya yi tsit, ba a jin komai sai hucin injin da ke tura wa Orval iska ta siririn bututun da ke hancinsa. Waƙar tasa ce, ita ta karanta a madadinsa, domin yanzu numfashinsa ba ya kai shi ƙarshen ɗango.

Su huɗu suka rage a ƙungiyar. Shekara goma sha tara ke nan suna haɗuwa duk Talata da rana a ɗakin karatun garinsu, can arewacin Manitoba, lardin da ake tsananin sanyi, kowa da waƙar da ya rubuta a makon. Ba wanda aka taɓa buga wa littafi a cikinsu. Lorne tsohon mai raba wasiƙu ne, Bernice ta yi shekara talatin tana gyaran gashi, Myrna ta koyar da 'yan firamare har ta yi ritaya. Orval Brekke kuwa manomin alkama ne da ya sayar da gona ya dawo gari, shinge ɗaya ne tsakanin gidansa da na Myrna. Tun da likita ya ce huhunsa ba zai kai shi bazara ba, suka mai da zaman falonsa.

Dokokinsu biyu ne, kuma Orval ne ya kafa su. Mai waƙa ba ya buɗe baki har a gama tattauna waƙarsa. Sannan ba mai tashi sai ya nuna abu guda da ya kamata a yanke. Da wannan doka Orval ya taɓa sa Bernice kuka, ya kuma taɓa ce wa Lorne waƙarsa ta yi kama da jerin kayan cefane. Duk da haka, idan ya ce ɗango ya yi, mutum yakan yi mako guda yana murmushi shi kaɗai.

Waƙar ta ranar ta lokacin sanyi ce, domin a watan Disamba sukan zaɓi guda wadda za a karanta a coci ranar jajiberin Kirsimeti. Orval ya rubuta abin da ya gani yana ɗan shekara bakwai, da ya bi mahaifinsa ba dawakai abinci:

Safiyar Kirsimeti Baba ya ture ƙofar barga.
Numfashin dawakai na dare guda
ya daskare fari a jikin azara.

Da haske ya shigo, iska ta biyo shi,
sai ya fara zubo mana a hankali,
a hular Baba, a gadon bayan goɗiya.

Baba ya tsaya da bokiti a hannu.
Waje sarari tas, ba gajimare ko ɗaya,
ciki kuwa ƙanƙara tana sauka.

Sai baiti na huɗu, wanda ya fi sauran tsawo. A nan ne Orval ya ce haka rahamar Ubangiji take sauka, mala'iku suna rera waƙa, shi kuma ba ya jin tsoron komai, a shirye yake ya tafi gida cikin farin ciki.

Bernice ce ta fara. Ta share ido da gefen gyalenta ta ce ba ta da abin cewa, waƙa ta gama haɗuwa, musamman baitin ƙarshe. Lorne, wanda bai taɓa barin waƙa marar amsa-amo ta wuce shi ba tare da ƙorafi ba, ya gyara murya ya ce shi ma bai ga abin taɓawa ba, ko waƙafi ɗaya. Ya kawo shawara a zaɓe ta kawai, a huta. Duka suka juyo ga Myrna.

Ta dubi Orval. Yana kishingiɗe a kujerarsa, bargo har ƙirji, jan bironsa a hannu kamar kullum. Ido ya zuba mata, yana jira. Ta ji bakinta yana cewa waƙa ta yi kyau ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Orval ya rufe biron, ya ajiye shi a kan tebur, ya mai da fuskarsa wajen taga. Doka ta ba shi damar magana a lokacin, amma bai yi ba. Da 'yarsa Karin ta shigo da kofi da biskit na citta, ya ce barci yake ji.

A bakin ƙofa, suna ɗaure takalma, Lorne ya yi ƙasa da murya ya ce ai sun kyauta, mutum yana wannan hali ba a ƙara masa. Bernice ta gyaɗa kai. Myrna ta buɗe ƙofa ta fita. Ta yi shekara talatin da biyu a aji, ta san fuskar yaron da ya kawo aikinsa aka shafa kansa ba a duba ba.

Washegari ta tashi ta tarar ƙanƙara ta zuba har gwiwa. Ta ɗauki shebur ta share ƙofarta, ta zarce ta share matakalar Orval, abin da shi yake mata a da kafin ta farka. Tana yi tana maimaita baitocin a ranta. Ukun farko duk lokacin da ta zo kansu sai tsigar jikinta ta tashi. Ita ma 'yar gona ce, ta shiga barga da sanyin safiya ba sau ɗaya ba, amma ba ta taɓa ɗaga kai ba. Shi wannan mutum ya ɗaga, ya kuma riƙe abin da ya gani shekara saba'in da biyar. Na huɗun kuwa da ta zo kansa sai ta ji kamar tana karanta katin gaisuwa na kanti.

Ta jingine shebur ta ƙwanƙwasa. Karin ta buɗe, idonta duk ya faɗa, ta ce ya farka amma ya ƙi karin kumallo. Ta koma kicin.

"Malama ta zo duba almajirinta," in ji Orval. Muryarsa ta zama kamar ana jan takarda a ƙasa. "Ko wani yabon kika manta jiya?"

Myrna ta jawo kujera ta zauna kusa da shi, ba ta ko cire rigar sanyinta ba. Ta ce jiya ta karya doka, ta zo ta gyara.

"To, ina ji."

"Baiti na huɗu. A yanke shi duka."

Injin ya yi huci sau biyu kafin ya amsa. Ya tambaye ta ko ɗangon mala'ikun take nufi. Ta ce a'a, duka, daga farkonsa har ƙarshe. Ta yi masa bayani a hankali, yadda take wa yara. Ukun farko da idonsa ya gani, shi ya sa duk wanda ya ji sai ya ga kansa tsaye a bargar. Na huɗu ba gani ya yi ba, ji ya yi a bakin mutane. Waƙar ta riga ta ƙare a inda ƙanƙara take sauka, shi kuma ya tsaya a ƙofa yana gaya wa mutane abin da za su ji.

"Ke kin san ko don wa na rubuta shi?" Ya nuna kicin da haɓarsa. "Don ita. Ta karanta bayan na tafi, hankalinta ya kwanta."

"Na sani."

"Kin sani, kuma kika ce a yanke."

"Orval, yarinyar nan taku goma ce tsakaninka da ita. In kana da abin gaya mata, ka kira ta ka gaya mata da bakinka. Amma abin da ke cikin baitin nan, ni ban yarda haka kake ji ba. Ita ma ba za ta yarda ba, ta fi ni saninka."

Fuskarsa ta yi ja har kunne. Ya yi tari mai tsawo, har Karin ta leƙo. Da ya samu numfashi ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Ki ja mini ƙofar da kyau, tana shigo da iska."

Ta ja ƙofar da kyau. Har ta kai gida ba ta tuna da shebur ba.

Kwana biyun da suka biyo baya guguwar ƙanƙara ta rufe garin, aka tsayar da motoci, aka rufe makaranta. Myrna ta buga waya sau ɗaya, Karin ta ce yana barci. Ta dafa miyar kaza ta ajiye musu a bakin ƙofa, ta kasa ƙwanƙwasawa. Ta ɗauki saƙa ta ajiye, ta kunna rediyo ta kashe. Abu ɗaya ke yawo a ranta: mutum ya rubuta wa 'yarsa ban kwana da ɗan ƙarfin da ya rage masa, ita kuma ta je har gadonsa ta ce masa ƙarya ce. Wa ya aike ta? In ya tafi da wannan a ransa, da wane ido za ta ƙara ɗaukar biro? Daga tagar kicin ɗinta tana hango tagar falonsa. Rana ta biyu da hantsi, da iska ta ɗan lafa, ta ga Karin zaune a hannun kujerarsa, kanta a sunkuye dab da bakinsa. Sun daɗe a haka. Ba ta san abin da ake faɗa ba.

Ranar Asabar da safe gari ya waye tas, sanyi kamar zai tsaga itace. Myrna tana wanke kofi ta ga motar nas a ƙofar Orval, bayanta kuma wata doguwar mota baƙa ta tsaya ba ta kashe inji ba. Ta zauna a kujerar kicin da kofin a hannunta, a jiƙe.

Da rana Karin ta tsallako shinge ta ƙaramar ƙofa, shebur a hannu ɗaya, ambulan a ɗaya. Suka rungume juna a tsaye, sun jima ba wadda ta saki. Karin ta ce da gari ya fara haske ya cika, a kujerarsa, tana riƙe da hannunsa. Myrna ta fara neman gafara, tana cewa ita ta ɓata masa rai a kwanakinsa na ƙarshe. Karin ta girgiza kai. Ta ce ran nan ya yi wuni guda yana mita, yana kiran Myrna sunaye iri-iri, har da tsohuwar hedimasta. Ranar da iska ta lafa kuwa, ya ce a kawo masa almakashi.

"Sai ya ce in zauna," in ji Karin. "Ya ce, 'Karin, tsoro nake ji. Ba sosai ba, amma ina ji.' Anti Myrna, tun da aka haife ni ban taɓa jin Baba ya faɗi haka ba. Na ce ni ma ina ji. Daga nan muka yi ta magana. Ya ba ni labarin goɗiyar nan, da kakana, da Mama. Abubuwan da ban taɓa sani ba."

Myrna ta buɗe ambulan. Takardar ce, amma ta gajarce. An datse ƙasanta da almakashi, yankan ya karkace ya yi hawa da sauka. A gefe, da jan biro, da rubutun da da ƙyar ake ganewa: "Ki karanta a hankali, kina da gaggawa. Taki waƙar kuma ta cika tsawo." Dariya ta ƙwace mata, hawaye suka biyo baya.

Da ta nuna wa sauran biyun, Bernice ta ce kash, baitin da ta fi so. Lorne ya riƙe takardar ya karanta sau biyu yana motsa leɓe, ya mayar mata da hannu biyu. Ya ce shi ma ya ga abin tun ranar, ƙarfin hali ne bai da shi.

An binne Orval ranar Laraba. Kwana huɗu bayan haka, jajiberin Kirsimeti, coci ta cika da ƙarfe huɗu na yamma, riguna masu kauri a jibge a kan bencina, yara suna mutsu-mutsu. Da fasto ya kira ta, Myrna ta hau gaba, ta sa tabarau, ta faɗi sunan mai waƙar. Ta karanta a hankali. A baiti na biyu ta ga wani tsoho a layin gaba, wanda ya yi kiwon shanu duk rayuwarsa, ya ɗaga kai ya dubi rufin cocin.

"Waje sarari tas, ba gajimare ko ɗaya," ta karanta, "ciki kuwa ƙanƙara tana sauka."

Ta yi shiru. Mutane suka ci gaba da kallonta, suna jiran saura. Mai kaɗa molo ya ɗora yatsu a kan igiya bai kaɗa ba. Ba wanda ya yi tari, har yaran sun nutsu. Myrna ta tsaya a wurin, babban yatsanta a kan karkataccen bakin takardar, ta bar su suna jira.