Tarkon Rana a Tagar Goggo

"Miƙo in gani, Auta." Goggo ta karɓi murfin robar, ta ɗaga shi saitin taga, ta kai shi dab da idonta. "A'a, kin ɗora ja kan ja, ya yi duhu. Nemo kore ki sa a gefen nan."

Tela, mahaifiyar Auta, na tsaye a bakin ƙofa da tef ɗin awo a wuya. Kiran 'yarta ta zo yi, amma abin da ta gani ya sa ta riƙe haɓa. Yara uku ne zaune a ƙasa, Auta da 'yan biyun da ke ƙasan bene, sun baje ledojin alewa kala-kala suna yayyagawa, suna mannawa a kan murafen roba masu garai-garai. Gam har a girar Auta.

"Haba Goggo, rigar nan fa jiya na gama ɗinka ta."

"To ba ke ce tela ba? Ki ɗinka wata."

'Yan biyu suka fashe da dariya. Tela ma ta kasa riƙe fuska.

Goggo ba goggon kowa ba ce a gidan, amma kowa haka yake kiranta. A makarantar raino ta ƙare ƙuruciyarta tana share majinar 'ya'yan mutane, har ta ajiye aiki. Ɗakinta na kallon na Tela, siririn lungu ne kawai tsakaninsu. Idanunta sun yi rauni, sai da murya take gane mutum, amma haske da launi ba su guje mata ba. Ita ta koya wa yaran wannan aiki: a manna ledoji a kan murfi, a huda shi, a zura zare, a rataye a ƙarfen taga. Da yamma in rana ta bugi tagar, sai launuka su zubo kan bango da zanin gado. Yaran ne suka sa masa suna tarkon rana.

Tun da aka sallamo ta daga asibiti ba ta ƙara sauka daga gado ba sai da taimako. Ƙafafunta sun kumbura, numfashinta na fita da ƙyar. Ɗanta guda ɗaya direban babbar mota ne, yau yana nan, gobe hanya ta ɗauke shi. Tela ce ke kai mata ruwan zafi, ita ce ke juya mata filo.

Wata rana da safe Baban Auta yana ɗaura takalmi ya ce, "Yarinyar nan ta daina shiga ɗakin can."

"Me ta yi?"

"Ba abin da ta yi. Ke ba ki ga yadda matar ta koma ba? Kar ta je ta ga abin da zai zauna mata a rai."

Tela ba ta yi musu ba, don ita ma abin ya daɗe yana cin ta. Ta tsare Auta a gefen keken ɗinki, ta ba ta ƙyallaye da maɓallai ta yi wasa. Ta gaya wa uwar 'yan biyu, ita ma ta hana nata hawowa. Auta ta yi kuka, ta yi birgima, daga baya ta haƙura, sai dai duk ledar alewar da ta samu takan miƙar da ita a kan gwiwa ta cusa a aljihu.

Goggo ba ta tambaya ba. Sai ranar da Tela ke goge mata baya ta ce, kamar da bango take magana, "Gidan ya yi tsit."

"Mura ce ke damun Auta, Goggo."

"Mura." Tsohuwar ta yi murmushi. "Ina jiyo ta tana waƙa daga ɗakinku, muryarta ras. Kar ki damu, 'yar nan. Da ni ce uwarta, wataƙila da na hana."

Tela ta matse tawul a cikin kwano. Ta ɗaga kai ta dubi tagar. Tarkunan na nan a rataye, wani ya karkace, wani ledarsa ta fara ɓanɓarewa. Ba abin da matar nan ke iya gani a duniya yanzu sai su.

Da ta koma ɗaki ta kasa taka keke. Ta ɗinka hannun riga a baibai, ta farke. Da yamma ta yi sai ta miƙe, ta ɗauki babbar allura da zare, ta kama hannun Auta.

"Ina za mu, Mama?"

"Kwaso ledojin naki."

A ranar Goggo ba ta iya riƙe murfin ba. Tela ce ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, tana shafa gam, Auta na mannawa, tsohuwar na ba da umarni daga gado cikin murya ƙasa-ƙasa.

"Wa ya shafa gam ɗin nan? Har nan nake jin warinsa."

"Mama ce."

"Ya yi yawa. Uwarki ba ta iya ba, ki koya mata."

Da aka rataye shi, Auta ta hau gefen gado ta taɓa hannun Goggo, ta yi saurin janye nata.

"Goggo, hannunki sanyi kamar ƙanƙara."

Tela ta ɗago kai da sauri. Ta buɗe baki za ta tsawata, sai ta ga yarinyar ta kama hannun da hannu biyu, ta ja shi a hankali zuwa inda jan haske ya sauka a kan zanin gado.

"Ki bar shi a cikin ja, zai yi ɗumi."

"To, likita," in ji Goggo. Ta bar shi a nan har rana ta sauka daga tagar.

Da Baban Auta ya dawo, Tela ta faɗa masa da bakinta. Ya daɗe yana kallon yarinyar tana ɓare busasshen gam daga yatsunta, sannan ya ce, "To, amma kina wurin."

Ba a ƙara yin wani tarkon ba. Jikin ya yi tsanani, aka kira ɗanta direba a waya, ya bar motarsa a hanya ya taho. Da hantsi ne, Auta na makaranta. Tela na riƙe da kofin ruwa, shi kuma yana gaya wa mahaifiyarsa labarin wata gada da ya tsallaka, sai ya lura ba ta jin sa. Ya kira ta, ya sake kira. Tela ta ajiye kofin a hankali, ta rufe mata ido.

Kafin Auta ta dawo an riga an kai Goggo makwancinta. Tela ta tare yarinyar a matakala, ta durƙusa daidai tsayinta.

"Goggo ta rasu, Auta. Ba za ta dawo ɗakin ba."

"Ko gobe?"

"Ko gobe."

Auta ta shiga murza igiyar jakarta. Can ta ce, "Tana jin sanyi?"

"A'a. Yanzu ba ta jin komai."

Sai a lokacin kukan ya zo, na uwar ya riga na 'yar.

Bayan baƙi sun watse, direba ya kwashe kaya, ya kulle ɗakin, ya koma hanya. Gidan ya koma harkarsa. Wata yamma Tela na tsaka da yankan atamfar wata amarya aka ƙwanƙwasa ƙofa. 'Yan biyu ne, aljihunansu a cike, kowa da murfin roba a hannu. Sai kallon ƙofar Goggo da ke kulle suke, suna kallon Tela.

Tela ta dubi teburinta, ta dubi aikin da ke jiranta. Ta naɗe atamfar ta ɗora can saman kwaba, inda hannu mai gam ba zai kai ba.

"Ku shigo. Amma a ƙasa za ku zauna."

A lungun, ƙananan takalma huɗu suka rage a bakin ƙofarta, ɗaya a kife.