Zomo Mai Ido Ɗaya

Kaka ta shigo falo da kwarashi a hannu, sai ta ga zomon da ta saƙa wa jikanta yashe a ƙasa, jiƙe sharkaf da yawu, da ido ɗaya.

Ta ɗaga zomon, ta duba ƙasa, ba ta ga ɗaya idon ba. Jiya ta ɗinka masa baƙaƙen maɓallai biyu a matsayin idanu, ta ja su da yatsa, ta ji sun zauna daram. Ta manta shaf cewa yaron da baki yake gwada komai, ga haƙora biyu sun fito masa.

Yana zaune jikin kujera, ba kuka, ba gwaranci, bakinsa a rufe gam. Shirun nan ne ya tsorata ta.

"Maigidana, buɗe baki in gani," ta ce.

Ya ƙi. Ta kai yatsa za ta zura, sai ta tuna tana iya tura abin can cikin maƙogwaro. Ta kifa shi a cinyarta, kansa ƙasa, tana salati. Yaro ya fusata ya tsala ihu, maɓalli ya faɗo, ya gangara ƙarƙashin kujera.

Tunda take, ba ta taɓa jin kuka mai daɗin wannan ba.

Da uwar yaron ta fito daga wanka, ta tarar Kaka ta zazzage jakar saƙarta, tana cire idanun 'yan tsana da almakashi ɗaya bayan ɗaya.

"Mama, lafiya? Kin makantar da su duka!"

"Da baƙin zare zan yi musu wasu," in ji Kaka. "Wanda bai ga kyansu ba, ya rufe nasa idon."