Safa a Hannun Tela

Kafin Tela ya ankara, matarsa ta zura masa safa a hannun hagu, ta ɗaure bakinta da tef ɗin awo.

"Ke, lafiyarki kuwa?"

"Ƙalau nake, Malam. Ga wayarka, na cika maka caji. Kalla har idonka ya yi ja, amma da wancan hannun."

Wancan hannun shi ne na dama, wanda ke kwance a cinyarsa a dunƙule. Wata huɗu ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye. Ƙafa ta dawo, baki ya daidaita, hannun ne ya ƙi. Likita ya ce in ba a motsa shi ba zai ƙage har abada, ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Ƙwallon na ƙarƙashin kujera tun ranar. Tela kuwa, daga karin kumallo sai waya: 'yan dambe, kyanwa mai tsoron ɓera, wasu ƙarti masu gina gida da laka a daji. Ko me aka sa, kallo yake, in dai ba zai ɗaga kai ya ga keken ɗinkinsa lulluɓe da zani ba.

Ta taɓa ɓoye wayar. Kwana biyu ya yi bai ci abinci ba, bai ce mata uffan ba, dole ta mayar.

Abin da ya tayar mata da hankali yanzu shi ne maganar Auta, 'yarsu ta ƙarshe, wadda za ta fara aikin jinya nan da mako biyar. Shekara uku da suka wuce uban ya sayi farin yadi ya ajiye, ya ce babu mai ɗinka mata rigar aiki ta farko sai shi. Jiya Auta ta raɗa mata cewa za ta kai yadin wa telan tsallaken titi, mutumin da Tela ke cewa ko buhu bai iya ɗinkawa ba.

"Ba ni lokaci," ta ce wa 'yar.

Ranar farko ya gwada latsa wayar da hanci. Ya gwada da haɓa, wayar ta sulale ƙasa.

"Wannan zalunci ne, Sarauniya!"

"Kai ƙara kotu. Hanyar ma motsa jiki ce."

Rana ta uku tana wanke-wanke ta ji ihun 'yan dambe. Ta leƙo da kumfa a hannu. Ya jingina wayar da matashi, gumi na bin wuyansa, babban yatsan dama na rawa a kan gilashin. Ya tura. Hoton ya wuce.

Ta kusa yin guɗa. Shi kuwa ko yatsan bai kalla ba.

"Matsa, kin tare min haske," ya ce.

Cikin mako uku yatsu huɗu suka farka. Yana riƙe wayar, yana ƙara sauti, har amsa yake rubuta wa masu zagin gwaninsa. Keken dai na nan a lulluɓe. Ranar da Auta ta sake tambayar yadin, uwar ta zauna bakin gado. Ashe don waya ta gyara masa hannu.

Da safe ta ɗauko yadin, ta shimfiɗa a teburin gabansa, ta ciro babban almakashinsa wanda ko 'ya'yansa ba sa taɓawa.

"Me za ki yi?" Idonsa na kan waya. Zagayen ƙarshe ake yi.

"Rigar Auta. Shekara talatin ina kallonka, ai na iya."

"Ke da maɓalli ke gagara?"

Ta kafa almakashin a tsakiyar yadin, a karkace, babu awo babu alli. Ta buɗe bakinsa sosai don ya ji ƙarar. Ta san in bai motsa ba sai ta yanka.

"Ba a nan ake farawa ba!"

"A nan na ga dama."

"Za ki kashe yadin!"

Ya miƙo hagu, safa ta zame a kan ƙarfen. Ƙaf! Almakashin ya ci faɗin yatsa guda na yadin. Sai wayar ta faɗi a kan tabarma, hannun dama ya cafke almakashin, ya fizge.

A ƙasa mai sharhi na ihu an kayar da wani. Tela bai duba ba. Hannunsa yake kallo, yatsu cikin zoben almakashi, inda kantar shekara talatin take. Ya buɗe. Ya rufe.

"Kwance min wannan abin," ya ce. "Tef ɗina nake so. Kira min yarinyar."

Iska na ɗaga gefen yadin. Ya laluba ƙasa, ya ɗauko wayar, ya kife ta a kai ta danne.

Kwana tara ya yi a kan aikin da a da yake gamawa kafin azahar. Allura biyu ya karya, sau uku ya farke wuya. Wani lokaci in hannun ya gaji, ta ga idonsa ya koma kan wayar, sai ta ajiye masa shayi tsakaninsa da ita. Ran nan ma ya ɗauka, ya yi kallon awa guda, sannan ya ajiye ta da kansa.

Ranar fara aiki Auta ta fito fes cikin farar riga. Aljihun hagu ya ɗan karkace.

"Cire in gyara," in ji Tela.

"Wallahi Baba, babu mai taɓa min aljihu."

Uwar ta yafa mayafi ta raka ta bakin titi, ta bi da ita daidai ƙofar shagon tsallake, tana tafiya a hankali kamar mai ciwon ƙafa. Telan ya leƙo, ya ƙare wa kafaɗar rigar kallo.

"Hajiya, wa ya yi muku wannan?"

Ta gyara wa Auta wuyan riga, ta kaɗe ƙurar da babu.

"Maigidana," ta ce. "Da hannun dama."