Kunnen Mai Gyaran Agogo

Malamar ilimin halayyar ɗan Adam ta ba su aikin mako biyu: kowa ya zaɓi mutum guda, ya zuba masa ido ba tare da ya sani ba, ya rubuta abin da ya gani. Sharaɗi ɗaya ta kafa, har ta ja masa layi a allo: kada a faɗi suna.

Tabarau, haka 'yan aji ke kiranta saboda kaurin gilashin idonta, ba ta da wata ƙawar da za ta zuba wa ido. Sai ta zaɓi babanta. Dama kullum in an tashi makaranta a shagonsa take zama, kan benci bayan kantar shagon, ita da littafi, shi da agogunan mutane.

A kwana na uku ta fara ganin abin da ba ta nema ba. In mai agogo yana bayani, bakinsa Baba yake kallo. In an yi masa magana ta baya, sai ya yi 'yar dariya ya ce, "Ai kuwa," ko da tambaya aka yi. Yana kai agogo kunne ya lumshe ido yadda ya saba, amma ta lura ɗan yatsansa ne kwance a bayan murfin, da shi yake laluben bugun. Baba ya daina ji sosai, kuma bai gaya wa kowa ba, har Mama.

Ta rubuta shafi huɗu. Ta kira shi "wani bawan Allah". Sana'ar kuwa ta bar ta yadda take, don in ta cire agogo babu yadda za ta yi bayanin yatsan. Ai suna kaɗai aka hana.

Ranar Litinin Malama ta shigo da takardar a hannu.

"Ku saurara ku ji yadda ake lura," in ji ta, ta karanta tun daga farko har ƙarshe.

Abin da ya fi cin Tabarau daga baya shi ne, a lokacin daɗi ta ji. Ta sunkuyar da kai tana ɓoye murmushi. Sai da Rediyo, 'yar mai hoton da ke layinsu, ta juyo ta zungure ta da biro.

"Ke, Tabarau, masu gyaran agogo nawa ne a layinmu?"

Tabarau ta riƙo hannunta.

"Don Allah kada ki..."

"Ni? Wa zan gaya wa?" in ji Rediyo.

Ranar Alhamis Tabarau tana kan benci a shago, sai mai askin da ke maƙwabtaka da su ya leƙo, da tawul a kafaɗa, mutum biyu na biye da shi. Baba ya ba ƙofa baya, yana neman wani ɗan ƙusa a akwati. Mai aski ya ƙyafta wa mutanen ido, ya rage murya.

"Maigida, an ce gobe za a rushe shagonka."

Baba ya ji motsi, ya yi dariyar nan tasa. "Ai kuwa."

Suka fashe da dariya har ɗayan ya dafa bango. Baba ya juyo yana taya su, bai san ta me ake yi ba. Tabarau ta ɗaga littafi ta rufe fuska. Layi ɗaya ta karanta ya fi sau goma.

Ba a jima ba wani tsohon direba, wanda ya shekara yana kawo aiki, ya shigo ya nuna babban agogon bangon da ya bari tun makon jiya.

"Ba ni abina," ya faɗa da ƙarfi, kamar mai kiran wani a ƙetaren titi.

"Ban gama ba, Alhaji. Jibi."

"Bar shi. An ce kunnen ya tafi. Agogon mahaifina ne, ba na son a yi masa aikin lalube."

Wannan kam Baba ya ji. Ya tattara sassan agogon da ya kwance a takarda, ya naɗe, ya miƙa da hannu biyu. Bayan mutumin ya fita ya zauna ya daɗe yana goge kantar da babu ƙura a kanta.

Tabarau ta matso.

"Baba, ni ce na jawo," ta ce a hankali. "Ni na rubuta a makaranta."

Idonsa na kan kantar da yake gogewa. Ya gyaɗa kai. "Ai kuwa, Uwata."

Bai ji ba. Ta tsaya. Ta faɗa kuma an amsa mata. Tana iya ɗaukar jakarta ta tafi gida a haka. Ta kai hannu ga jakar ma. Sai ta zagaya gabansa, ta dafa kantar, ta ɗaga muryar da ko a aji ba a taɓa jin ta ba.

"Baba, ni na tona ka. Aikin makaranta aka ba mu, na rubuta cewa ba ka ji, aka karanta a gaban kowa."

Ƙarar injin aski ta ɗauke a shagon da ke gefe. Wata mata mai wucewa ta rage tafiya.

Baba ya dube ta. "Ina takardar?"

Ta ciro ta miƙa. Ya gyara fitilar aikinsa ya karanta, yana bin layi da yatsa, yana motsa leɓe. A saman shafin farko akwai jan biron Malama: "Madalla, aiki mai kyau." Ya daɗe a wurin.

"Kin ce kamar shekara guda ke nan da na daina ji," ya ce. "Uku ce."

"Ka yafe mini, Baba."

"Babu ƙarya a ciki." Ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihu. "Amma kullum kina nan zaune, Uwata. Taku biyu ne tsakaninmu. Da ni kika fara karanta wa."

Ta rasa inda za ta sa idonta.

Ya tashi ya fara jawo ƙofar shago, alhali ko la'asar ba a yi ba.

"Ɗauki jakarki. Gara mamarki ta ji daga bakina kafin matar mai hoto ta riga ni."

Ya kulle, ya girgiza kwaɗon, ya kama hanya. Mai aski na tsaye a bakin ƙofarsa, ya ɗaga hannu zai yi magana, Baba ya wuce bai waiwaya ba. Tabarau ta bi bayansa, ba ta yarda ta jera da shi ba har suka kai gida.